Daga DT zuwa Boxer: Yadda Mutanen Adar da Ƙonni Suka Zaɓi Baburansu

Ɗana na uku, wanda ke karatu a lise a Birnin Ƙonni, ya zo hutu Illela ya tarar da ni a zaure, ya durƙusa ya gaida ni, sai ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani babur ne dogo, mai siraran ƙafafu da tayoyi masu ƙuraje, madigadinsa na gaba ya ɗaga sama kamar bakin shamuwa. Ya ce, “Baba, in Allah Ya sa na ci bak, irin wannan nake so, ba Kasea ba.” Na karɓi wayar na daɗe ina kallo. Shi yana zaton sabon abu ya nuna mini, ni kuwa tsohon sani na gani, domin kakan wannan babur ne ya fara shiga ƙauyenmu ina ɗan lakwal, kuma na taɓa riƙe irinsa shekara uku ina zagayen makarantu. Ban ba shi amsa ba a ranar. Amma tambayarsa ta tono mini wata da na daɗe ina juyawa a raina: ƙasarmu duk duwatsu ce da rairayi da koramu, irin ƙasar da aka ƙera wannan babur dominta, to me ya sa in ka tsaya a tashar Badagishiri ranar kasuwa sai ka ƙirga babura har ka gaji ba ka ga irinsa ko ɗaya ba?

Bari in fara raba gardama, don masu karatu na Najeriya. Illela biyu ce. Akwai ta jihar Sakkwato, wadda ke fuskantar Ƙonni a bakin iyaka, akwai kuma tamu ta jihar Tawa, mazaunin Sarkin Adar, wadda ake ratsewa a Badagishiri kafin a kai ta. Kwalta a wannan yanki ba ta da yawa. Babbar hanya ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta nufi Madawa da Maraɗi, a Tsarnawa kuma wata ta ɓalle ta yi arewa zuwa Tawa. In ka sauka daga waɗannan, sai fako mai jan dutse, sai gangare, sai kwari. Kwarin Majiya da na Badagishiri su ne rumbunmu na albasa da dawa, amma da damina su ne kuma ke raba malami da makarantarsa. Duk wanda aka taɓa turawa koyarwa bayan korama ya san abin da nake nufi.

Kafin inji ya zo, abin hawa a Adar iri uku ne, kuma kowane da matsayinsa. Doki na sarauta ne da masu hali, raƙumi na Buzaye da fatake, jaki kuwa na kowa da kowa. Keke ya biyo baya, shi ne abin alfaharin mushen ƙauye a zamanin Diori Hamani. Daga nan aka fara ganin Mobylette da Peugeot, ƙananan babura na Faransa masu feda, a hannun ma'aikata, Vespa kuma a hannun alhazan birni. A ƙetaren iyaka, kuɗin Udoji da aka biya ma'aikatan Najeriya a farkon 1975 sun cika titunan Sakkwato da Honda da Suzuki da Yamaha, kuma kamar kullum, abin da ya cika Sakkwato sai ya malalo Ƙonni.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da malamin gona ya shigo ƙauyenmu a kan Yamaha DT. Bayan yunwar 1973 da 1974 ne, Seyni Kountché na mulki. Mun ji ƙararsa tun yana kan tudu, wata irin ƙara mai kaifi kamar ta zuma a cikin gwangwani, ga shuɗin hayaƙi na bin sa. Bai bi hanyar jakuna da ta zagaya ba. Ya miƙe tsaye a kan matakan ƙafa ya gangaro ta cikin duwatsun kai tsaye. Mushe ya kasa tsare mu a aji. Tsofaffi suka kewaye babur ɗin suna tafa hannu, wani ya ce wannan ai barewa ce aka sa wa ƙarfe. Ban manta kuma da abin da wata tsohuwa ta tambaya ba, don ita ce ta fi kowa hangen nesa a wurin: “To ɗan nan, ina ake aza kaya?”

Asalin wannan babur ba domin mu aka yi shi ba. A da, in mutum yana son shiga daji da babur a Turai ko Amurka, sai ya sayi na titi ya cire abin da zai cire, ya canja tayoyi, ya ɗaga salansa. Na tsere kuma akwai su, amma ba fitila, ba madubi, ba wurin lamba, doka ba ta yarda a hau titi da su ba. A 1968 Yamaha ta fitar da DT-1 mai sisi 250, wanda tun daga masana'anta ya fito da siffar na daji da kuma kayan da doka ke nema a titi. Matasan Amurka suka yi rububinsa, domin mutum na iya zuwa aiki da shi ranar Litinin, ranar Asabar kuma ya shiga hamada yawon shaƙatawa. Honda ta mayar da martani da XL250 a 1972. A 1973 Yamaha ta sake fito da AG100, wannan karon don makiyayan tumaki na Ostireliya da Niyu Zilan, an rufe masa kaca don ƙura da laka, an sa masa kariya gaba da baya. Wato tun farko masu sayensa iri biyu ne, mai neman nishaɗi da manomin da ke da katafariyar gona, kuma kowanensu shi kaɗai yake hawa. A riƙe wannan magana ta “shi kaɗai”, za mu dawo kanta.

Abin da ya ɗaga sunan irin wannan babur a duniya kuwa, ƙasarmu na da hannu a ciki. Tseren Faris zuwa Dakar na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratso Aljeriya ya shigo Nijar ta Arlit da Agadas ya sauka Yamai, sannan ya wuce Mali. Wani saurayi Bafaranshe, Cyril Neveu, shi ya lashe shi a kan Yamaha XT500. Bayan 'yan shekaru, a 1983, kamfanin ya fitar da wani babba mai ƙaton tanki ya raɗa masa suna Ténéré, sunan hamadarmu ta gabashin Agadas, kuma har yau ana sayar da babura da wannan suna a Turai. Na kan gaya wa ɗalibaina wannan a darasin labarin ƙasa, su yi ta mamaki. Sunan namu ne, babur ɗin kuwa ko malamin da ya shekara talatin yana aiki bai isa ya taya ba. Shi wanda ya ƙirƙiro tseren, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986, tseren kuma ya bar Afirka bayan an soke na 2008. Ya bar mana hotuna a kalanda da kwaɗayi a zukatan samari, a wasu ƙauyukan Sahel kuma ya bar kaburburan yaran da motocinsa suka take.

A nan gida, wa ke hawan DT da XL da AG? Ma'aikatan gwamnati da na furoje. Bayan fari, ƙungiyoyin agaji sun cika Adar. An yi aikin noman rani na Ƙonni da madatsun Mozage da Zongo, aka danƙa shi ga ONAHA. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, ana gina shingayen dutse ana dasa itatuwa. Malaman gona, malaman daji, masu rigakafi, daga baya masu duba makarantu, duk irin wannan babur ake ba su, da tambarin ƙungiya a jikin tanki, da takardar shan mai. Har ya zama in ka hango dogon babur daga nesa ka san ba baƙon zumunci ba ne, ko allura aka kawo ko tambayoyi. Amma ka lura da abu ɗaya: a cikin waɗannan mutane da wuya ka sami wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya saya. Zaɓin wani ofis ne a Yamai ko a Turai.

Zaɓin talaka ya bayyana ne a 1984. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai a Maris 1986, zamanin Babangida. Damina ta ƙi, ga iyaka a rufe, shi ya sa har gobe tsofaffinmu ke kiran yunwar wannan shekara El Buhari. Mota ba ta iya wucewa, amma ciki bai san doka ba. Samarin Ƙonni da na Illelar Sakkwato suka koma bin hanyoyin gonaki da babura, suna fito da mutane da garin rogo da masara da fetur. A idona sana'ar kabu-kabu ta kafu a Ƙonni a waɗannan shekaru. To ga mutanen da aikinsu kullum cikin rairayi da burtali ne, da dare, ana gudun duwan. In akwai wanda ya cancanci babur ɗin daji, su ne. Amma ba shi suka saya ba. Sun sayi ƙananan Suzuki da Yamaha masu sisi 100 da Honda CG, waɗanda ake harhaɗawa a Legas da Ota, ana samun kayan gyaransu a kowace rumfa a Sakkwato.

Labarin Honda CG 125 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne babur ɗin da ya ci wannan yaƙi, ko da yake da sunayen wasu ya ci shi. A 1974 Honda ta tura injiniyoyinta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su gano abin da ya sa baburanta ke saurin lalacewa a can. Suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku da huɗu, ana barin baƙin mai har ya zama kamar kwalta ba a juye ba, ba a zuwa wurin makanike sai inji ya tsaya cak. Maimakon su ce mutane su canja hali, sai suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan hali, mai sauƙin kwancewa, mai matatar iska ta soso da ake wankewa a mayar. A 1975 ya fito. Galibin baburan Sin masu sisi 125 da suka cika kasuwanninmu daga baya, in makanike ya buɗe cikinsu, tsarin injin CG zai gani. Masu DT sun yi nazarin ƙasa, duwatsu da rairayi. Masu CG sun yi nazarin mutum da aljihunsa. Na biyun ne suka san mu.

Yanzu mu koma ga tambayar tsohuwar nan. Sirdin DT siriri ne, gajere, ya yi tudu. An yi shi don mutum ɗaya ya riƙa zamewa gaba da baya yana miƙewa tsaye. Mu kuwa babur ɗinmu gida guda yake ɗauka: maigida, uwargida da goyo, yaro a kan tanki, ƙullin kaya a baya. Ranar kasuwar Gidan Idar shi ke ɗaukar buhun albasa, ko akuya biyu a cikin kwando, ko jarkoki. Mace mai zani ba ta iya ɗaga ƙafa ta haye sirdin da ya kai ƙugun namiji, ga salansa a sama dab da cinya. Dattijo mai babbar riga haka. Mai naƙuda da za a kai asibiti da tsakar dare, a tsakiyar mutum biyu ake sa ta, kuma wannan sai sirdi mai faɗi, shimfiɗaɗɗe. Ga kuma shan mai: injin DT irin mai bugu biyu ne, yana ƙona fetur haɗe da baƙin mai, yana da zafin nama amma maƙogwaronsa faɗi gare shi. Ɗan kabu-kabu da ke lissafin ribarsa da kwalba ba zai ɗauki wannan ba. A taƙaice dai, mu gadon jaki muke nema wa magaji, aka kawo mana doki. Kowa na sha'awar doki ranar salla, amma ba shi ake kai wa rijiya ba.

Shekarun 1990 sun ƙara tsananta lissafin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi. Mu malamai a lokacin muna bin gwamnati albashin watanni, ga yajin aiki, ga shekarun da aka soke karatu. Wa ke zancen babur ɗin Japan sabo? Ni da tsohuwar Mobylette na yi waɗannan shekaru, rabi hawa rabi turi. Sai 'yan kasuwar Nnewi da wasunsu suka fara shigo da baburan Sin a kwance cikin kwali ana ɗaurawa a Najeriya, farashi ya faɗo ƙasa warwas. Jincheng ya zo, mu a nan Kasea da Royal suka mamaye, daga baya Haojue. Wannan ya zo daidai da lokacin da aka buɗe makarantun ƙauye barkatai aka cika su da malaman kwantiragi masu ɗan ƙaramin alawus. Kasea ta zama abokiyar ɗan kwantiragi: da bashi ake saye, a biya wata-wata, ita ke kai shi Ƙonni ko Illela karɓar kuɗi a ƙarshen wata. Ba ta da ƙarko, kowa ya sani, araha ba ta ado. Amma in ta lalace a Tajaye, a Tajaye za a gyara ta, da kayan da kuɗinsu bai wuce na cefanen kwana biyu ba. Daga baya na Indiya suka shigo, Bajaj Boxer da TVS, masu dogon sirdi da ƙarfin baya da ƙarancin shan mai, 'yan haya suka koma kansu. Ita kanta Honda sai da ta sauko ta fitar da Ace 125 mai rahusa a Najeriya a 2011 don ta yi gogayya da su.

Kada a ce na ƙi dogon babur ne don ban ɗanɗana ba. Lokacin da aka ɗauke ni daga aji aka sa ni cikin masu ba malamai shawara, wata ƙungiya ta ba ofishinmu DT 125 guda biyu, ɗaya ta faɗo hannuna. Wallahi ban taɓa hawan abin da ya san ƙasarmu kamarta ba. Ƙafar gaba inci 21 ce, tana haye dutsen da zai kayar da Kasea. Shokozobanta dogaye ne, in ka faɗa rami sai ka ji kamar an tare ka da hannu. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, ruwan korama da ke kashe wa sauran babura fulogi ita ratsa shi take. Makarantar da a da nake kai wa ziyara sau ɗaya a shekara, sai ga ni ina zuwa duk wata. Ciwon bayan da na saba kwana da shi ya ragu. A shekara ta uku furojen ya ƙare, takardar mai ta tsaya, sai kuma fistin ya ci. Makaniken da na saba da shi ya kwance injin ya shimfiɗa a kan buhu, ya dube ni ya ce, “Mushe, wannan ba a Ƙonni ba, ba a Sakkwato ba. Sai dai a aika Yamai ko Kano, kuma kuɗinsa da na zobensa ya kusa rabin albashinka.” Wata huɗu tana jingine. Da na je mayar da ita sito, na tarar da 'yan'uwanta a jere, na ƙungiyoyi daban-daban, ƙura ta rufe su, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Na koma na sayi Kasea da kuɗina.

Saboda haka ba na cikin masu cewa mutanenmu jahilci ne ya sa suke sayen babur ɗin titi su shiga daji da shi. Lissafi suka yi, kuma lissafin daidai ne. Sai dai yana da farashin da ba a rubuta shi a rasit. Ana rage iskar taya don a ratsa rairayi, taya ta mutu da wuri. Ana ƙara wa shokozoba ƙarfe, ana walda wa kariya rodi, a ɗora wa babur nauyin da birkinsa bai san da shi ba. Malamin da ke bayan korama, in ruwa ya sauka a watan Yuni ko ya yi jinkirin ɗaukewa a Oktoba, sai ya tsaya a gaɓa yana kallon makarantarsa. Na sha rubuta rahoton malamin da bai zo aiki ba alhali na san ba lalaci ba ne. A ganina, in hukuma za ta tura mutum irin waɗannan wurare, ita ya kamata ta ɗauki nauyin babur ɗin da ya dace da wurin, da kayan gyaransa, da horar da makanike ɗaya a kowace gunduma. Raba babura a gaban kyamara a tafi, mun ga ƙarshensa a sito.

Sai kuma abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba lokacin da muke bin malamin gona da gudu. Babur ya zama abin hawan masu kisa. A Diffa an hana hawansa a 2015, a sassan Tilaberi daga Janairun 2020. A jiharmu, an sa Tilliya da Tasara cikin dokar ta-ɓaci a 2017, kuma a kan babura maharan suka zo ranar 21 ga Maris 2021 suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya, Allah Ya jiƙansu. A ƙetare, Zamfara da Katsina da Sakkwato sun ɗauki matakai a 2021 kan zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. Abin lura, su ma 'yan bindigar ba na tsere suke nema ba, irin namu suke hawa, mai ɗaukar mutum uku, mai ƙarancin shan mai, wanda ake gyarawa a ko'ina. Dalilinsu da na ɗan kabu-kabu ɗaya ne. Illar ita ce yau saurayi baƙo a kan babur mai ƙarfi, in ya ratsa ƙauyen da ba a san shi ba, kallon da ake masa ba irin wanda muka yi wa malamin gona ba ne. Uba ya sa wannan a cikin lissafinsa kafin ya sayi abin da zai sa ɗansa ya fita daban.

Fetur ma ya juya mana baya. Shekara da shekaru ruwa-ruwa daga Najeriya ke shayar da baburan Ƙonni, ko bayan an buɗe matatar Damagaram a 2011. Da aka cire tallafi a can ranar 29 ga Mayu 2023, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kwalba ta yi tsadar da ba mu saba ba. Wanda ke da babur mai faɗin maƙogwaro ya jingine shi.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami kuma uba shi ne wannan. Kamfanonin Japan sun sha wahala kafin su ɗauki babur ɗin daji su sa masa fitila da madubi da sigina da wurin lamba don ya cancanci hawa titi. Mu kuwa sai mu sayi wanda ya zo da waɗannan duka, a makon farko yaro ya kwance madubai wai suna sa shi kama da tsoho, ya huda salansa don ƙara, ya cire sigina. Takardu kuwa sai ranar da jandarma ya tare shi. Hular kwano ba a maganarta. Lokacin da Najeriya ta tilasta sanya ta a Janairun 2009, har da ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka kifa a ka, aka yi ta dariya, mu ma muka taya su, alhali namu kan a buɗe yake. Ranar ɗaurin aure kuma a ga yara 'yan shekara goma sha huɗu suna ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar jama'a, suna kwaikwayon abin da suka gani a waya, a kan babur ɗin da ba a yi shi don haka ba, ba kuma da rigar kariya da takalmi da hular da wancan na cikin waya ke sanye da su ba. Ku tambayi masu ɗori, ko ku leƙa asibitin Galmi bayan salla. A ajin ƙarshe na firamare da na taɓa riƙewa, yara biyu mafi ƙwazo a lissafi duk kabu-kabu ta ɗauke mini su kafin su kai brebe. Ɗaya yanzu yana da babura uku yana ba da haya, ya fi ni kuɗi, kuma in mun haɗu ba ya karɓar kuɗina. Ɗayan yana tafiya da sanda. Iyayensu duka da kyakkyawar niyya suka saya musu, don su riƙa zuwa makaranta da wuri.

Kafin hutun ya ƙare na ɗauki ɗan nawa a bayan tsohuwar Kasea muka tafi Ƙonni wurin makaniken nan, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, yaransa ke aiki shi yana zaune a kan benci. Na ce ya nuna masa hoton. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ce, “Kai, yaro, ka iya zaɓe. Wannan ko bisa dutsen Adar ka aza shi sai ya hau.” Fuskar yaron ta washe. Sai ya ce masa, “To zagaya bayan rumfar nan ka ɗauko mini kacar da za ta shige shi.” Yaron ya shiga ya daɗe, ya fito hannu wofi. Ya ce ya duba masa fatun birki. Babu. Ya tambaye shi in innarsa ta tashi zuwa awo a ina za ta zauna, yaron ya yi shiru yana murmushi.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Tsarnawa, na tsaya na ba shi tuƙi, na cire hular kwanona na kifa masa, na koma baya. Ya ja mu a hankali har Badagishiri. Da muka sauka shan ruwa ya ce, “Baba, to in Boxer ce fa?” Na ce ya kawo mini takardar bak tukuna, da farmi, kuma madubin da ya kwance ranar zan karɓe makulli. Ya ce ya ji. Hoton dai har yanzu shi ne a fuskar wayarsa, na gani da ya ajiye ta zai yi alwala.